Ɗalibar da Ta Gyara Mini Asimtot

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, sabon malamin lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Dutse, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Gidanmu gidan malamai ne a wajen Ringim, da hadda na tashi, shi ya sa lissafin ma haddace shi na yi kamar karatun allo. Kai, kwanakin nan akwai daɗi! In tuko kekena daga unguwar Yalwawa da sassafe, aljihu cike da dabino da guntayen alli, ina shiga aji a miƙe gaba ɗaya a gaishe ni. Har yau in na ga allon bango sai kewa ta kama ni.

Ranar muna kan asimtot, wato layin da zanen lissafi ke ta matsowa kusa da shi amma ba ya taɓa shi. Ƙa'idar da na haddace ita ce, a lissafin rabawa, duk inda na ƙasa ya zama sifiri, nan layin yake. Na rubuta x − 2 a sama, x² − 4 a ƙasa, na ce layi biyu ne, ɗaya a kan 2, ɗaya a kan −2. Sai wata yarinya 'yar manoma, wadda ta fi kowa son darasina, ta ɗaga hannu. Cikin ladabi ta ce ta gwada lambobin da ke daf da 2, amsar ba ta cilla sama yadda take yi a kusa da asimtot ba, kusa da kwata take tsayawa. Ta ce tana ganin x − 2 na sama ya cinye ɗan'uwansa na ƙasa, layi ɗaya kawai ya rage.

Wallahi a take na gane ita ke da gaskiya. Amma ina! Girman kai ya shaƙe ni. Na tambaye ta tsakanina da ita wa ke riƙe da alli, na ce kanta ba na lissafi ba ne, ta daina ɓata mana lokaci. Aji ya kwashe da dariya, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ba ta ƙara ɗaga hannu ba, zango na zagayowa ta bar ajin kimiyya. Abin kunyar, da idona na sha ganin Baba yana limanci, ɗalibinsa ya yi masa gyara daga sahu, ya koma ya gyara, bayan sallama ya sa masa albarka.

Bara muka haɗu da ɗalibar tawa a kasuwa, tana tare da 'ya'yanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, har yanzu Malam take ce mini. Na daure na gaya mata cewa ranar nan ita ce daidai, na roƙi gafararta. Ta yi dariya ta ce haba Malam, ta yafe, ai ita ta ma manta lissafin. Ta ce injiniya ta so zama, amma tunda Malam ya ce kanta ba zai ɗauka ba, sai ta yarda.

Wannan yardar ce ke ci mini rai. Malamai 'yan'uwana, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan, maganarku gaskiya suke ɗaukarta ko da kuskure ce. In ɗalibi ya yi muku gyara, ku goge allo ku gode masa. Ni goge layi ɗaya ya gagare ni, sai na goge yarinyar.