Man Kaɗen da Baba Ya Ƙi

Ranar Asabar ce, ana jibi za mu koma makaranta, shekarar da nake aji shida. Masara ta fitar da gemu, birai kuwa sun fara saukowa daga dutse kamar an aika musu goron gayyata. Kakanmu, wanda duk gida ke kira Baba, ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro ya zazzage kwanson harsashinsa na tagulla. Ɗaya ne kawai ya rage mai rai, sauran duk sun tsage. Na zauna a bakin turmi ina ɓare gyaɗa, amma idona yana kan wannan ɗayan, domin karatuna a kansa ya rataya.

Bindigar Baba ta gado ce, ta tsufa har an daina samun harsashinta. In ya harba sai ya tsince kwanson ya sake cika shi. To kwanso in an harba yakan kumbura, sai an tura shi cikin wani ƙarfe mai rami da maƙeri ya yi masa kafin ya koma daidai, kuma in ba a shafa masa mai ba, maƙalewa yake yi. A kan man nan Baba yana iya yin wa'azin da ya fi na fasto tsawo. Man gyaɗa, in ji shi, tururuwa yake kira. Baƙin man injin niƙa tsakuwa ce a cikinsa. Man ja yana danƙo. Man kaɗe ne kaɗai ya yarda da shi, shi ma sai wanda ya sayo da kansa a kasuwar Kafanchan, naɗe da ganye, ya ɓoye a gwangwani. Maharban dā sun ce hannun mace ba ya taɓa kayan farauta, Baba kuwa, duk da shi dattijon ikilisiya ne, wannan dokar bai bar ta a bakin ƙofar coci ba.

Ba kashe birai yake yi ba. Sama yake harbawa sau ɗaya, dutse ya amsa, su yi makonni ba su leƙo ba. In bindiga ta yi shiru, dole yaro ya tare a gona yana kaɗa gwangwani. Yayyena suna sakandare, ƙanena bai daɗe da barin goyo ba. Ni ce ke nan, ga jarrabawar shiga sakandare tana tafe.

Ranar nan Baba ya buɗe gwangwaninsa ya tarar ɓera ya siɗe shi tas. Mama ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryarta cike da man kaɗe, wanda take shafa mana a ƙafa, ta durƙusa ta ajiye. Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Mai ɗin nan mata ya sa hannu," ya ce.

Mama ta ce, "Baba, na kasuwa ɗin wa ya daka shi? Ba mata ba?"

"Wancan ban gani da ido na ba."

Ya tashi da kansa ya ɗebo man ja daga sabuwar kwalba. Kwanson ya shiga ramin ƙarfen rabi ya tsaya. Ya tura, ya ja, ya buga, gumi yana ɗiga daga gemunsa, har gindin tagullar ya yage ya zo masa a hannu. Mama ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ɗaki, ni kuma na ci gaba da ɓare gyaɗa ina kuka.

Litinin na hau rumfar gona. Daga can ina jin ƙararrawar makaranta, ina jin ƙawayena suna gaɗa lokacin tara. Na kaɗa gwangwani har hannuna ya yi kanta, na yi ihu har muryata ta dushe. Biran ma sun raina ni, wani babba yakan zauna a kan dutse yana cin masararmu yana kallona. Ruwa ya dake ni, rana ta gasa ni, na gaji irin gajiyar da barci ba ya wankewa. Baba yakan kawo mini gasasshiyar masara ya ajiye ya juya. Masara ta tsira, an kai dami coci ranar godiyar girbi. Jarrabawa kuwa ta wuce ni, na maimaita aji shida tare da ƙannen ƙawayena, kuma na daɗe ina jin haushinsa.

Yanzu ni malama ce a Kafanchan. An share dajin an shuka citta, birai sun yi gaba, bindigar an miƙa wa hukuma tun tuni. A dā ƙarar bindiga a ƙauyenmu na nufin gobe akwai makaranta, yau kuwa in aka ji ta sai uwaye su kwashi 'ya'ya su yi daji. Duk da haushin, wancan zamanin nake kewa.

Da Baba ya tsufa gwiwoyinsa suka ƙi, ni nake zuwa ƙarshen mako in shafa masa man kaɗe daga ƙwaryar Mama, da hannuna. Wata rana ya lumshe ido ya ce, "Rifkatu, mai ɗin nan yana da kyau."

Na ce, "Da ma can yana da kyau, Baba."

Sai ya miƙo mini ɗaya gwiwar. Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, na kuma karɓa.