Tamawa Ta Fito, Karofi Shiru

Ni malamin firamare ne a Karofi, rabin rayuwata a aji, rabi a gona. Gonar gadon mahaifina ce, tana yamma da gari, wake da dawa nake shukawa cikinta. Shekarar da takin zamani ya fi ƙarfina sai na koma takin gida. Ina kwashe na akuyoyin maiɗakina, da rani kuma in roƙi wani Bafulatani maƙwabcinmu ya riƙa kwana da shanunsa a gonar. Feshi kau na bar shi tun ranar da ya kwantar da ni da amai da jiri. Na koma jiƙa ganyen darbejiya, wadda mu nan muke ce wa bedi, in haɗa da barkono in yayyafa wa waken. In an yi casa, in zuba shi a buhun nan mai leda ciki in ɗaure tam, ba na jefa mashi ƙwayar magani ko ɗaya.

An yi mani dariya sosai. Wanda ya fi kowa dariyar shi ne taubashina, ɗan goggona da ke aure a Tamawa ta ƙasar Kurfi. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma tunda abokin wasa ne, yana da izinin faɗa mani duk abin da ya zo bakinsa. Shi ya laƙaba mani Malam mai kashin akuya. Sai dai da ya zo gidana wata bazara ya ga wakena fes, ba huda ko guda, alhali nasa ya zama gari, bakin ya mutu. A tsakar gidana ya zauna bisa turmi na koya mashi komai: yadda ake tara taki ya ruɓe, yawan ganyen da ake jiƙawa, lokacin da ake yayyafawa. Har iri na ba shi.

Bayan wasu shekaru wata ƙungiya ta shigo yankinmu da aikin tattara farashin amfanin gona wanda aka noma ba takin zamani, ba feshi. Mu dai mara magani muke ce mashi. Wata mata suka ɗauka, 'yar Dutsin-Ma ce da ta yi karatun aikin gona, kowa Malama yake ce mata. Duk ranar kasuwa za ka gan ta da ɗan sikeli a jaka da waya a hannu, tana bin masu awo. Abin da ta tara a tura wa manoma ta waya, kuma a karanta a shirin noma na rediyo kowane mako.

Ranar da na fara jin shirin, muna zaune gindin bishiya bayan La'asar, wani ya kunna rediyonsa. Mai karatu ya ce ga farashin farin wake mara magani. Ya kira Dutsin-Ma, ya kira Shema, sai na ji ya ce Tamawa, kuma farashin can ya fi ko'ina kyau. Na miƙa kunne ina jiran Karofi. Sai kawai ya wuce kan gyaɗa.

Wani dattijo ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, ba kai ka fara wannan abu ba?"

Na ce, "Ai ba komai, Alhaji."

Da komai. Abincin dare ranar ban ji ɗanɗanonsa ba. Mako na zagayowa aka sake kiran Tamawa, na biye da shi ma haka. Na fara jin labarin 'yan kasuwa daga Katsina suna shiga Tamawa da mota, suna tambayar gidan taubashina da suna. Ashe ya tara maƙwabtansa da dama ya koya masu abin da na koya mashi, sun yi ƙungiya, shi ne shugaba. Goggo da kanta, da na je gaishe ta, ta ce mani, "Ka ga ƙanenka, Allah ya ɗaga shi, har rediyo ta san da shi." Na ce ma sha Allah.

Ran kasuwar Dutsin-Ma na hau babur na tafi neman Malama. Na same ta a layin 'yan hatsi ta tsuguna, ta juye tiyar wake a sikeli tana dubawa. Na tsaya har ta gama. Daga baya na gane dalilin awon: tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, wani ya cika ta har da tozo, wani ya shafe baki, don haka sai ta auna nauyi kafin ta ce nan ya fi can tsada.

Muka gaisa, na gaya mata ko ni wane ne. Na ce, "Malama, ni na fara noman nan a duk yankin. Wanda kuke kira a Tamawa, a gidana ya koya. Me Karofi ta yi maku?"

Ta ce, "Na ji labarinka, Malam. Shi da kansa ya ba ni."

Wannan ma ya ƙona ni. Wato har labarina sai ta bakinsa za a ji.

Ta ce, "Ku nawa ne masu sayar da mara magani a Karofi?"

"Ni kaɗai."

"To ka ga inda matsalar take. Ba mu kiran sunan gari sai masu sayarwa sun kai uku ko fiye. Farashin mutum guda cinikinsa ne, ba farashin gari ba. Sannan in na ce Karofi, kowa ya san kai ne. A wannan zamanin da muke ciki, kana so a sanar a rediyo cewa akwai mutum ɗaya a Karofi da buhuna jibge a ɗaka, ga abin da yake samu?"

Lalle a shekarun nan na ɓarayin daji ko sabon kwano mutum ya yi wa ɗakinsa sai ya riƙa waige-waige. Gaskiya ta faɗa, amma ba gaskiya na je nema ba.

Na ce, "To ki haɗa nawa da na Dutsin-Ma mana."

Ta ce, "Zan haɗa, in an duba gonarka. Kowa a kasuwar nan in ya ji akwai riba zai rantse nasa mara magani ne. Wanda aka duba daban nake rubutawa, wanda baki ne kawai ba ya shiga. Manoma ne ke duba junansu da damina."

"Su waye masu dubawar?"

Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Dattawa biyu daga Shema, da shugaban ƙungiyar Tamawa."

Na dawo gida ina ta huci. Maiɗakina ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, ai abin alfahari ne. Ɗalibinka ya zama mai duba."

Na ce, "A makaranta ma ba a turo ɗalibina ya duba ni."

Na so in ƙi. Amma tunanin 'yan Katsina da motarsu a ƙofar gidan taubashina ya hana ni, sai na ba da sunana.

Tsakiyar damina suka zo, wake ya fara fure. Taubashina ya sauko daga babur da sabuwar hula, dattawan Shema na biye da shi. Na shirya wa tsokanarsa, na tanadi amsoshi masu zafi. Sai bai tsokane ni ba. Ya gaishe ni da ladabi, "Yaya, mun same ku lafiya?" Tunda muke bai taɓa ce mani Yaya ba. Da ya kira ni mai kashin akuya da ya fi mani sauƙi, don wasa na nuna mu ɗaya ne. Wannan ladabin kau na babban ma'aikaci ne da ya zo wurin talaka.

Suka zagaya gonar, suka tona ƙasa suka shinshina, suka leƙa rumbu da ɗakin ajiya ko za su ga kwalbar magani. Dattawan suna ta yabawa. Shi kuma ya wuce can gabas, inda gonata ta yi iyaka da ta wani maƙwabci mai feshi. Ya daɗe tsaye, ya tsinko ganye ya duba, sannan ya kira ni.

"Yaya, kunyoyin nan na bakin iyaka sai an ware su. In an yi girbi a sayar da su tare da wake na gama-gari. Sauran gonar ta wuce."

Na ce, "Ni za ka ware wa kunyoyi? A gonar ubana?"

Ya ce, "Kai ka gaya mani iska na ɗaukar feshi ta kai shi inda ba a aike shi ba. A bisa turmi nake ka faɗa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Malam, haka aka yi mani ni ma. Shi ma tasa gonar mun ware mashi gefe guda." Suka sha fura suka tafi. Na tsaya ina kallon ƙurar babur ɗinsa, ina tuna shi yana yaro da majina yana bin goggo a baya.

Da kaka ta yi wakena ya shiga cikin lissafin Dutsin-Ma. Na sayar da shi da daraja, ba zan ɓoye ba, domin dillali bai isa ya taya mani yadda ya ga dama ba alhali farashin na cikin wayata. Amma sunan Karofi bai fito ba, Tamawa kuwa kullum.

Sai wani mako aka karanto farashin Tamawa ya yi tsalle fiye da hankali. Mako na gaba, kafin a fara komai, mai karatu ya ce akwai gyara. Malama ta aiko cewa ta yi kuskure, farashin jan wake ta sa a gurbin na fari, ga na gaskiya, kuma tana ba manoma da masu saye haƙuri. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Wuni na yi ina zagaya majalisu ina cewa, kun ji ko, ashe tsadar Tamawa ta bakin rediyo ce. Na zaci kasuwarsu ta karye ke nan.

A Dutsin-Ma na ci karo da wani Alhaji mai sayen wake, na kawo mashi zancen ina jiran ya taya ni. Sai ya ce, "Ni kau Malam, wannan gyaran ne ya sa na yarda da matar nan. Shekara nawa ina saye, ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce na yi kuskure ba tare da an kama shi ba. Ka lura makon da hanyar Kurfi ta ƙi biyuwa? Cewa ta yi ba a samu zuwa ba, ba ta ƙaga komai ba. Gobe ma Tamawa na nufa."

A kan hanyar komawa gida na yanke shawara: in uku ake so, zan samo uku. Ba don kishin lafiyar jama'a na yi ba, don in ji an kira garinmu ne, taubashina kuma yana saurare. Na fara da Bafulatanin da ke ba ni taki. Ashe shi tun fil azal bai taɓa sa takin zamani a 'yar gonarsa ba, ya yi mamaki da ya ji wai abin har suna gare shi. Sai wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata gona kusa da tawa. Ita ta fi ba ni wahala, don tsoron ƙwari take, sai da na yi damina guda ina jiƙa mata bedi da hannuna. Wasu biyu suka biyo baya da kansu. Aka sake turo masu dubawa, da taubashin nawa a gaba, na daure.

Ranar da aka kira Karofi a rediyo ina gindin bishiyar nan. Mutane suka yi ta yi mani barka. Amma kunnena ya riga ya kama abin da su ba su kula da shi ba: farashinmu yana ƙasa da na Tamawa.

Na kira Malama na ce, "Ai mun yi kuɗi sama da haka."

Ta ce, "Kun yi, Malam, amma ba a saya haka ba. Abin da aka sallama nake rubutawa, ba abin da mai kaya ya fara faɗa ba. Naku akwai tsakuwa da ƙaiƙayi, su kuwa matansu na tsince shi tas kafin a kai kasuwa. Ku gyara, za ku gani."

Ina ajiye wayar ta sake ƙara. Taubashina ne, yana dariya tun kafin ya yi sallama.

"Malam mai kashin akuya! Yau na ji ku a rediyo. Sannunku da zuwa, mun daɗe muna jiranku."

Na ce, "Ka jira baɗi."

Ya ce, "In kuna son mata su zo su koya maku tsintar wake, ku aiko da mota."

Baɗin ta zo, mun matso, ba mu kamo su ba. Akwai makon da muka yi kunnen doki, na ajiye saƙon a wayata ban goge ba. Shi yanzu har Katsina ake kiransa taro ya yi bayani, an ce yakan ambaci wani yayansa malamin makaranta. Ban taɓa tambayarsa me yake cewa ba.

Da yake da yawa cikin manomanmu ba su iya karatun boko ba, ni aka ɗora wa karanta saƙon farashi a ƙofar masallaci duk mako. Ina karanta shi yadda ya zo, da ranar da aka tattara, da inda ba a samu zuwa ba, ba na ragewa ba na ƙarawa. Sai dai rannan dattijuwar nan, wadda ke tsayawa daga nesa tana saurare, ta aiko a gaya mani in riƙa ɗaga murya in na zo kan Tamawa, wai duk garuruwan tana ji sarai, nan ne kaɗai maganata ke shigewa cikin riga.