Malam Izzuddeen, Gwajin Ya Yi Kyau

"Vera, kina ji na? Bar maganar 'yan kwangilar nan. Malam Izzuddeen ne. Allah ya yi masa rasuwa."

Madam Dokas ce a waya, rajistarar kwalejinmu. Ina cikin motar haya a Mararaba, hanya ta tsaya cik, wata mai gyaɗa tana turo mini kwalba ta taga. Na ce to. Har yau ban san wa na ce wa ba, Madam ko mai gyaɗar.

Ranar Alhamis ce, 14 ga Satumba, 2023. Malam, ka idar da sallar azahar, ka ce kanka na sarawa, ka zauna a bencin bakin ofis, ba ka sake tashi ba. Bayan la'asar aka kai ka makwanci, kamar yadda addininku ya tanada. Ni kuwa hanyar Abuja ta riƙe ni. Da na iso Keffi, mutane har sun watse daga maƙabarta. Ka sha cewa ba na zuwa komai a kan lokaci. Wannan karon ma ka yi gaskiya.

Ban yi kuka ba, Malam, kuma har yanzu ban yi ba. Ina ci, ina barci, ina amsa gaisuwa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Mu biyu ne sashen kwamfuta na ƙaramar kwalejin koyon aikin lafiya da ke bayan gari: kai shugaba, ni sauran ma'aikatan duka. Ranar da na fara aiki azumi ake yi, na ɓoye kular abincina a bayan firinta. Ka ce, "Injiniya, fito da ita. Azumin nawa ne, ba na firinta ba." Duk Kirsimeti kai kake tsare sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kwalejin, don in tafi Garaku wurin mahaifiyata, ni kuma in tsare maka ranar Sallah. Ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba. Abokan karatunka sun koma Abuja ɗaya bayan ɗaya, suna aiko maka da hotunan ofisoshi masu sanyi. Kai ka ce ba ka da lafiyar da za ka ba hanyar Nyanya kyauta kullum safiya.

Aikinmu na ƙarshe shi ne sabon shafin rajistar ɗalibai, wanda za a buɗe ranar Litinin. Dokar kwalejin ita ce wanda bai yi rajista a makon farko ba, a ba wani gurbinsa. Don haka muka yi gwajin cunkoso: daga kwamfuta ɗaya muke tura dubban ɗalibai na ƙarya su afka wa shafin lokaci guda, mu ga ko zai ɗauka. Bai ɗauka ba. Allo ya yi ja, saƙo iri ɗaya yana ta maimaituwa, wai buƙatu sun yi yawa.

Na zargi manhajar. Kai ba ka zargi kowa ba, ba halinka ba ne. Ka ce mu fara karanta abin da na'ura ta faɗa, ba abin da muke so ta faɗa ba. Tsakanin ɗalibi da sabarmu akwai wata na'ura da ake kira furoksi, mai gadin ƙofa, kowa sai ya bi ta kanta. Ka kewaye ta ka yi gwajin kai tsaye, komai ya tafi lafiya. Ka dawo ta kanta, jan ya dawo. Ashe kamfanin Abuja da ya kafa ta ya umarce ta ta riƙa ƙirga buƙatun da ke fitowa daga kowane adireshin intanet, in sun yi yawa ta rufe ƙofa. Ɗalibanmu na ƙarya duka daga adireshi ɗaya suke, sai ta ɗauke su mutum ɗaya mai neman fitina.

Maganin kamfanin mai sauƙi ne: a gaya wa mai gadin ta ƙyale kwamfutarmu. Allo zai koma kore, a kai rahoto, kowa ya tafi gida. Madam Dokas ta so hakan, kuma ban ga laifinta ba.

Ka ce a'a. Ka ce, "Madam, a Maitama kowane ɗalibi na da kwamfutarsa. Namu a ina suke rajista?"

Ta ce, "A kafe mana, shagon intanet."

"To ai shi ke nan. Kafe ɗaya adireshi ɗaya ne. Ranar Litinin layin shagon Siman na Garaku zai kai bakin titi, ita kuwa na'urar mutum ɗaya za ta gani. Gwajin bai yi ƙarya ba. Kwamfutarmu ita ce shagon Siman."

Ka fara gyaran da ya dace, wato a riƙa ƙirga kowane ɗalibi da lambarsa, ba da shagon da ya zauna ba. Izinin taɓa na'urar ka tura ni Abuja in karɓo. Na karɓo, Malam. Yana cikin jakata lokacin da wayar ta shigo.

Ka saita gwajin ya riƙa gudana da kansa kowace safiya, ya aiko mini da sakamako da sunanka. Washegarin rasuwarka wayata ta yi ƙara. Izzuddeen: gwaji ya faɗi. Na daɗe ina kallon saƙon. Madam ta zo ta tsaya a kaina, idanunta jajur, ta ce, "Vera, ke kaɗai ce yanzu. In kin bi ta gajeriyar hanya, babu mai ganin laifinki." Na ce na sani.

Na zauna a kujerarka na ƙarasa gyaran daga layin da ka tsaya. Ranar Asabar na je Garaku, Siman ya tara mini abokan cinikinsa, suka shiga shafin tare, ba wanda aka kora. Yau Litinin. Tun safe ɗalibai ke rajista daga Garaku, daga Nasarawa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Babu wanda ya san akwai ƙofar da ta kusa rufe masa, kuma na san haka za ka fi so. Saƙonka na yau ya ce gwaji ya yi kyau.

Allah ya jiƙanka, Malam Izzuddeen, ya gafarta maka, ya sa aljanna ce makomarka. Ga matarka Huraira, da 'ya'yanka, da mahaifinka Malam Sale wanda ya riƙe hannun duk mai gaisuwa kamar shi ne ya zo yi mana ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari.

Ɗazu Madam ta leƙo ta tambaya ko zan cire sunanka daga saƙon safe. Na ce ba yau ba. Na ga butarka a ƙarƙashin tebur, na ce zan kai wa Huraira. Na ɗauke ta, na kashe fanka, na ja ƙofar ta rufu, na kama hanyar gidanka.