Ranar da Baba Ya Bi Bayan Layi

Jiya ina shara akayau ɗin Baba ya faɗo daga kan ƙusa, ƙararsa ta cika gidan da babu kowa sai ni. Shi ne tsohon da ya koya mana rawar koroso a Birnin Kudu. Yau duk abokan rawata sun watse.

Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa muka je wasa garin Sara, a ƙasar Gwaram. Da muka gama, Fulani suka shigo fili da wani takun da ba mu sani ba. Baba, da furfurarsa, ya miƙo mini hularsa, ya je ya tsaya a bayan layinsu.

"Ɗana, ban iya wannan ba, nuna mini," ya ce da na gabansa.

Sau uku yana kuskure, ana ta dariya. Kunya ta kama ni, na jawo rigarsa. "Baba, kai ne fa malami!"

"To, malamin bai iya ba," ya ce, yana haki.

Bai fito ba sai da takun ya zauna masa. Ni girman kai ya hana ni shiga, ga shi yanzu babu mai nuna mini.

Allah ya haskaka makwancinka, Baba. Ni kuma ya ba ni bakin cewa ban iya ba.