Muciyar Agogo Nabanda

Taɓaryar gidanta ma ta fi ta tsawo. Mu mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen Dedza, Agogo muke ce mata, wato kaka, sunanta kuma Nabanda. An haife ta a shekarar yunwa, ta tashi da cin saiwar ayaba. Ta ce ƙashinta tun tana 'yar goma sha biyu ya tsaya cak.

Cikinta na fari kwana uku tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba. Na biyu sai a keken shanu aka kai ta asibitin mishan, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Likitan ya ce ƙugunta ne ƙarami, kan jariri ba ya wucewa, kuma an fi samun haka ga gajerun mata. Wannan magana ta riƙe. Da ta zama ungozoma, da jikinta take awo.

Ni ma na je wurinta, cikina wata bakwai. Ta ajiye tuƙin nsima, tuwonmu na masara, ta goge muciya, ta ce, "Cire ɗankwalin, Chikondi. Juyo, haɗa bayanki da nawa. Daina ɗage, ina ji."

Ta ɗora muciyar a kawunanmu. Ta zauna daram, ba ta karkata ko'ina ba.

"Ke da ni kan ɗaya ne," in ji ta. "Kuma duk mazan garin nan kika rasa wa za ki aura sai Limbani, da ke sunkuyawa kafin ya shiga coci. Wata na kamawa ki tattara tukunyarki ki tafi gidan jira na asibiti."

Uwar mijina, da ta raka ni, ta ce, "Haba Agogo, Esinati ma kin tura ta, ta je ta haihu da kanta kamar akuya, ta bar masararta tsuntsaye suka cinye."

"Ta dawo da ɗanta a baya ko ba ta dawo ba? Ban ce duk gajera sai wuƙa ba. Na ce in abu ya tsaya, ya tsaya a bakin ƙofar likita."

Sati uku na yi a gidan jira. A can na ga layin da ma'aikatan jinya suka ja a bango suna gwada tsawon mata. Na jingina, kaina bai kai layin ba, saura yatsu biyu. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Agogo ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Naƙuda ta kama ni da hantsi. Har rana ta karkata kan yaron bai sauko ba, sai aka shiga da ni ɗakin tiyata. Daga gadona zuwa can taku ashirin ne. Daga ƙauyenmu kuwa, da damina, yini guda ne.

Kwana huɗu bayan haka Agogo ta iso a bayan keken haya, ƙafafunta na lilo, da kunun gero a jarka. Ta karɓi yaron, ta buɗe tafukanta biyu ta kewaye kansa. Yatsunta ba su haɗu ba.

Sai ta ce, "Kan ubansa ne. Sha kununki tun da zafi."