Mai Kiwon Funfuna

A gidansu kowa Baban Yauƙi yake ce masa, har da surukarsa. Aikinsa a ɗakin binciken jami'a shi ne kiwon wata irin funfuna rawaya mai yauƙi, wadda ke rarrafe a farantin gilashi. Ba baki, ba ƙwaƙwalwa, amma ka ajiye mata ɓarzajjen hatsi a gefe, kafin gobe ta lallaɓa ta same shi. Shi kuwa gogan sai ya yi ta washe baki, kai ka ce ɗansa ne ya fara tafiya.

Yayansa kuma shi ke kula da goggon biri a gidan namun daji, irin waɗanda suka kusa ƙarewa a duniya. To ina za a haɗa? In an taru cin abinci, labarin biri ake yi: yau ya yi fushi, jiya mura ta kama shi. Sai Baban Yauƙi ya gyara zama ya ce, "Tawa fa ko ta bushe ƙayau, ruwa kawai za a ɗiga mata ta farka."

"Allah ya ja kwananta," in ji Yaya. A kwashe da dariya.

Shi ma yana taya su, amma wallahi abin na cin sa. Tun suna yara ba abin da yake so irin Yaya ya dubi aikin hannunsa ko sau ɗaya. Ya gayyace shi har ya gaji, kullum amsar ke nan: "Ni in tashi in je kallon majina?"

Ana nan sai tsufa ya kayar da birin, ya mutu. Yaya ya daina fita, ya daina tsokanar kowa. Baban Yauƙi ya je ya yi masa jaje, ya taso.

Wata safiya yana wanke farantai sai ga Yaya a bakin ƙofar ɗakin binciken, duk ya rame.

"Ina abar taka? Me take ci?"

Nan da nan Baban Yauƙi ya miƙa masa hatsin. Yaya bai tunkari farantin kai tsaye ba. Ya durƙusa, ya juya mata kafaɗa, ya sunkuyar da kai yana gyaran murya a hankali, yadda ake shiga wurin goggon biri don kada ya ga an zuba masa ido ya harzuƙa.

"Yaya, ba ta da ido fa."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. "Ƙyale ni in gaishe ta."