Tsohuwar da Ta Ba Ƙofar Asibiti Baya

Tana zaune gindin mangwaro, ta ba ƙofar asibiti baya, tana kallon teku. Ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum cikin tsumma, ƙudaje na bi. Da ganin kantar hannunta, ta shekara da shekaru tana tono ƙaguwa a laka.

Likitan asibitin na aro ne, na mako biyu daga birni. Jirgin ruwan yamma zai mayar da shi, wani likitan kuma sai bayan wata. Fitowarsa ta uku ke nan wurinta.

"Anti, ki shigo mana. Ƙafar nan ba za ta kai wata ba."

Ko motsi ba ta yi ba. Ɗaki ɗaya ne asibitin, mijin 'yarta kuma na kwance ciki ana masa ƙarin ruwa. A nan suruka da suruki ba sa haɗa inuwa. Likita ya ce to bari a fito da shi.

Ta damƙe gefen rigarsa.

"Kar ka taɓa shi, ɗan nan. Jikokina biyar, shi suke kallo. Ɗauko wuƙarka ka tsaga min a nan."